Tadabburi a Kan Ƙwayar da Ke Jiran Umarni

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙaddara wa kowane abu gwargwadonsa, ya ɓoye manyan asirai a cikin ƙananan halittu, ya kuma hore wa ɗan Adam hankalin da zai tono kaɗan daga cikinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin abubuwan da zamani ya zo da su, waɗanda ido bai cika sauka a kansu ba alhali fa'idarsu ta game gabas da yamma, akwai wata 'yar baƙar ƙwaya mai kusurwa huɗu, wadda faɗinta bai wuce 'yan santimita ba. Masu gyaran rediyo da waya sun san danginta, suna kiransu aisi, suna ɗaga su daga fanel da iska mai zafi, suna mayar da su da darma. Galibin waɗannan ƙwayoyi tun daga masana'anta aka yanke musu hukuncin aikinsu: wadda aka yi don ƙara sauti, sauti za ta yi ta ƙarawa har ranar da ta ƙone, wadda aka yi don kula da caji kuwa ba ta san wani abu ba bayan caji. Amma wadda muke nufin yin nazari a kanta tana barin hannun maƙerinta ba a ɗora mata wani aiki ba, tana jiran wanda ya saye ta ya tsara mata abin da za ta zama, kuma idan ya ga dama gobe ya rushe tsarin ya kafa wani. Mafi shahara a wannan zuri'a ita ce wadda ma'abota fannin ke kira FPGA. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne cewa dukkan wannan sassauci nata ya ginu ne a kan wasu ƙa'idoji da ba sa sassauci ko kaɗan, kuma ba ɗan Adam ne ya shimfiɗa su ba.

Bari mu fara daga ƙasa, tun da daga ƙasa aka ɗebo ta. Asalinta ma'adinin silikon ne, wanda ake tacewa daga farin dutse da rairayi, kuma shi ne na biyu wajen yawa a ɓawon duniya bayan oksijin, domin ya ɗara kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Al'ummomi sun shuɗe suna taka shi, suna gini da shi, ba wanda ya ware shi shi kaɗai sai a shekarar 1824, a hannun masanin sinadarai Berzelius na ƙasar Suwidin. Mahalicci ya ba shi wata ɗabi'a ta tsaka-tsaki: bai sakar wa wutar lantarki hanya kamar tagulla ba, bai kuma toshe mata kamar gilashi ba. Idan aka tsarkake shi iyakar tsarkakewa, sannan aka cuɗa masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na sinadarin fosfaras ko boron, sai ya zama ana iya umartarsa da ya buɗe wa wuta hanya ko ya rufe. A kan wannan siffa aka ƙera taransisto na zamani, makunnin da ba shi da wani sashe mai motsi, wanda kakansa ya bayyana a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947. Masu binciken sun gano siffar ce kawai, amma tana nan a cikin rairayi tun kafin a haifi kakanninsu.

Wannan ke nan ta fuskar jiki. Ta fuskar ma'ana kuwa, tushen ƙwayar yana komawa ga ilmin manɗiƙi, ma'aunin da hankali ke rarrabe ingantacciyar hujja da gurɓatacciya. Girkawa suka fara tattara shi a rubuce, malamai irin su Farabi da Ibn Sina suka raya shi, Imam Gazali ya shigar da shi cikin kayan aikin masu usulu. Mu ma ba baƙonmu ba ne: Shaihu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare karanta shi a musayar baitoci tsakaninsa da Imam Suyuɗi, kuma Shaihu Abdurrahman Ahalari, wanda ɗan littafinsa na fiƙihu ke hannun kowane ɗalibi, shi ne mai Sullam, waƙen manɗiƙi da ake karantawa a zaurukan malamai. Abin da magabatan nan ba su riska ba shi ne ranar da hukuncin gaskiya da ƙarya zai sauka daga harshe ya shiga ƙarfe. A 1854 George Boole, malamin lissafi a birnin Kok na ƙasar Ailan, ya nuna cewa ana iya rubuta hukunce-hukuncen hankali da alƙaluma biyu rak, ɗaya ga gaskiya, sifili ga ƙarya. A 1937 kuma wani ɗalibi a jami'ar MIT, Claude Shannon, ya tabbatar da cewa makunnan lantarki suna iya zartar da lissafin Boole daki-daki. Daga nan aka sami abin da ake kira ƙofofin manɗiƙi: ƙofar da ba ta cewa i sai dukkan sharuɗɗa sun cika, da ƙofar da sharaɗi ɗaya ya ishe ta, da ƙofar da ke kore duk abin da aka kawo mata. Duk lissafin da kwamfuta ke yi, kome zurfinsa, daga haɗuwar waɗannan ukun yake fitowa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya fitar da yawa mara iyaka daga asali ƙanƙane.

Da farko injiniya yakan sayi ƙofofin nan ne 'yan kaɗan-kaɗan. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin Texas Instruments ya fito da jerin ƙwayoyin da aka sani da lamba 7400, wadda ta farkonsu ke da ƙafafu 14 da ƙofofi huɗu kacal. Mai ƙera na'ura sai ya jera gommai ko ɗaruruwansu a kan fanel, idan kuwa ya yi kuskure, sai ya kankare layin tagulla da wuƙa ya liƙa wata waya da darma. Hanya ta biyu ita ce ya ba masana'anta kwangilar ƙera masa ƙwaya tasa ta kansa, abin da ke cin watanni da dukiya mai yawa, kuma duk kuskuren da ya shiga ya shiga ke nan. Duniya ta ga misalin haka a 1994, lokacin da wani malamin lissafi a jihar Bajiniya, Thomas Nicely, ya lura cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium tana kuskure a wasu lissafe-lissafen rabawa. Dalilin bai wuce wasu 'yan gurabe da aka bari babu daidaitattun lambobi a wani jadawali da ke cikinta ba, amma musanya wa jama'a ƙwayoyin ya ci wa kamfanin Intel dala miliyan 475. Ɗan Adam ajizi ne, kuma abin da aka sassaƙa a dutse ba ya karɓar uzuri.

Saboda haka masana suka shiga neman ƙwayar da za ta bar wa mai kuskure ƙofar gyara, kuma sun isa gare ta mataki-mataki. A 1978 John Birkner da H. T. Chua na kamfanin Monolithic Memories suka fito da PAL, wadda cikinta layuka ne a kwance da layuka a tsaye, a kowace mahaɗa akwai ɗan siririn fis. Mai saye yakan sa ta a wata na'ura, ya tura wuta mai ƙarfi ya ƙone fis ɗin da ba ya buƙata, abin da ya rage shi ne tsarinsa. Ƙwaya ɗaya ta maye gurbin da dama, sai dai fis ɗin da ya ƙone ba ya dawowa. A 1984 kamfanin Altera ya kawo EP300, mai 'yar tagar gilashi a bayanta, wadda ta cikinta ake hango silikon ɗin yana ƙyalli da siraran zaruruwan da suka ɗaure shi da ƙafafunsa. Idan ana son goge ta, sai a ɓamɓare takardar da ta rufe tagar, a kwantar da ita a ƙarƙashin wata fitila mai haske na musamman na wasu mintoci, ta fito fes kamar ba a taɓa rubuta mata kome ba. Shekara guda bayan haka kamfanin Lattice ya kawo GAL, wadda wutar lantarki kaɗai ke goge ta.

Amma babban sauyi ya zo ne daga tunanin Ross Freeman, wanda shi da Bernard Vonderschmitt da James Barnett suka kafa kamfanin Xilinx a 1984. A zamanin da ake tattalin kowane taransisto, shi ya yi hasashen cewa za su yi araha har a iya kashe da yawansu don sayen 'yancin sauya tsari. A 1985 suka fitar da XC2064, mai ɗakunan manɗiƙi 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Freeman ya rasu a 1989 yana da shekara 41, bai ga inda abin ya kai ba. A 2015 Intel ya sayi Altera a kan dala biliyan 16.7, a 2022 kuma AMD ya kammala sayen Xilinx a kan kimanin dala biliyan 49. Wani ke shuka, wani ke girbi, kuma rabo na hannun Mai rabawa.

Ya kamata mu leƙa cikin ɗaki ɗaya daga ɗakunan nan, domin a nan dabarar take. Abin mamaki, babu wata ƙayyadaddiyar ƙofa a ciki da aka ce ita ce aikinsa. Abin da ke ciki ɗan jadawali ne na amsoshi. A ɗauka muna son na'urar da za ta saurari alƙalai uku ta bi ra'ayin masu rinjaye. Kowane alƙali i zai ce ko a'a, don haka yanayin da zai yiwu takwas ne, ba ƙari. Yanayi ɗaya shi ne duka su ce a'a, sai mu rubuta sifili a gurbinsa. Yanayi uku su ne mutum ɗaya kaɗai ya ce i, su ma sifili. Yanayi uku su ne mutum biyu su yarda, sai mu rubuta ɗaya, haka nan yanayi na ƙarshe da duka suka yarda. Shi ke nan an gama ƙira. Idan saƙo ya iso, ɗakin ba ya wani lissafi, gurbin da ya dace yake dubawa ya miƙo abin da ke ciki. Gobe idan muka so hukuncin ya zama sai da ijma'in duka ukun, ba ma taɓa waya ko ɗaya, gurabe uku kawai za mu mayar sifili. Jadawali mai mashiga uku yana iya ɗaukar hukunci iri 256, mai mashiga huɗu da gurabe 16 yana ɗaukar iri 65,536, na yau kuwa da yawansu mashiga shida gare su da gurabe 64. A gefen kowane jadawali akwai 'yar ma'ajiya mai riƙe amsa har zuwa bugun agogo na gaba, tsakanin ɗakunan kuma akwai hanyoyin ƙarfe birjik, a kowace mararraba da makunnin da ke sada su ko ya raba su.

Dukkan waɗannan gurabe da makunnai ana cika su ne da wani dogon jerin sifili da ɗaya. A mafi yawan FPGA, da zarar wuta ta ɗauke sai jerin ya gushe, idan ta dawo sai ƙwayar ta sake karanto shi daga wata ma'ajiya da ke maƙwabtaka da ita cikin ƙiftawar ido. Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba: allon yana nan yadda masassaƙi ya bar shi, a rubuta, a biya, a wanke, a shanya, a sake rubutu, kuma darajarsa a kowace rana tana ga abin da aka rubuta a kansa.

Bambancinta da ƙwaƙwalwar kwamfuta yana da muhimmanci. Ita ƙwaƙwalwar kwamfuta tsarin jikinta ɗaya ne, umarni take karantawa ɗaya bayan ɗaya da gaggawa mai ban tsoro. FPGA kuwa rikiɗa take ta zama na'urar da ake so, sassanta dubbai suna aiki a lokaci guda, kowane da nasa rabon. Injiniya yakan siffanta abin da yake nufi da ɗaya daga harsuna biyu da suka bayyana a shekarun 1980, Verilog ko VHDL, sannan wata manhaja ta rarraba siffar cikin ɗakuna ta zana hanyoyi, aikin da kan ɗauki sa'o'i a manyan ƙwayoyi. Sharaɗin da ba a yafewa shi ne lokaci: idan agogon yana bugawa sau miliyan 200 a daƙiƙa, dole kowane saƙo ya isa masauƙinsa cikin kashi 5 cikin biliyan na daƙiƙa, tazarar da haske kansa bai wuce tafiyar mita ɗaya da rabi a cikinta ba. Ana iya yin wannan alkawari ne kawai domin silikon ba ya saɓa ɗabi'arsa, wutar lantarki ba ta sauya halinta tsakanin safiya da maraice. Da sunnar Allah a cikin halittarsa tana karkacewa ko da ƙwayar zarra, da babu injiniyan da zai iya ƙidaya wa saƙo lokacin isowarsa.

Sai dai kowace ni'ima da farashinta, kuma mizani ba ya ƙarya. A 2007 Ian Kuon da Jonathan Rose na Jami'ar Toronto sun wallafa awon da suka yi, inda suka samu cewa aikin da aka ɗora wa jadawalan FPGA yana cin fili kimanin ninki 35 na ƙwayar da aka ƙera don aikin kaɗai, yana cin wuta kimanin ninki 14, gudunsa kuma ya gaza nata da ninki uku zuwa huɗu da ɗoriya. Don haka wanda zai ƙera miliyoyin na'urori iri ɗaya, kuma ya tabbata tsarinsa ya nuna, ƙwaya ƙayyadaddiya ta fi masa. Wanda kuwa adadinsa kaɗan ne, ko aikinsa na sauyawa, ko yana tsoron kuskuren da bai gani ba tukuna, ita ce mafakarsa. Hatta masu ƙera ƙayyadaddun ƙwayoyin sukan fara jarraba tsarinsu a kan FPGA kafin su miƙa shi ga masana'anta.

Fa'idodinta kuwa sun fi ƙarfin ƙidaya a wannan taƙaitaccen wuri. Tana cikin na'urorin turakun sadarwa, inda ƙa'idojin aika saƙo ke sauyawa daga zamani zuwa zamani. Tana cikin na'urorin asibiti masu ɗaukar hoton ciki da sauti, tana haɗa amsa-kuwwa daga tashoshi masu yawa a lokaci guda har likita ya ga bugun zuciyar ɗan tayi. A cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda gungun ƙwayoyin zarra ke karo har sau miliyan 40 a daƙiƙa, ita ke yanke hukuncin farko cikin 'yan kason miliyan na daƙiƙa, ta zaɓi kimanin 100,000 da suka cancanci a ƙara dubawa, kuma ta wannan tankaɗe aka kai ga gano ƙwayar Higgs a 2012. Motar binciken Perseverance, wadda ta sauka a duniyar Mirrihu ranar 18 ga Fabrairu 2021, ta yi amfani da wata FPGA wajen kwatanta hoton ƙasar da take faɗawa da taswirar da ke cikinta don ta kauce wa wurare masu haɗari. Bayan ta sauka aka sauya wa ƙwayar tsari, ta koma taimaka wa motar ganin hanya, ba tare da hannu ya taɓa ta ba.

A can sararin samaniya rauninta ma yana bayyana, domin ƙwayar zarra guda mai gudu tana iya ratsa ta, ta mayar da sifili ya zama ɗaya, tsari ya gurɓace. Maganin da masana suka samo shi ne su gina sashe mai muhimmanci sau uku, su ɗora a kansu irin jadawalin masu rinjayen da muka bayyana, sannan su sa wani sashe yana bitar rubutun ba dare ba rana yana gyara abin da ya karkace. Abin da ke karɓar rubutu yana karɓar ɓarna, saboda haka ba ya wadatuwa daga shaidu da muraja'a.

Akwai kuma wani labari da ke koya wa masani ƙanƙan da kai. A tsakiyar shekarun 1990 Adrian Thompson na Jami'ar Sasaks a Ingila ya bar kwamfuta ta yi ta jarraba tsare-tsare a kan wani yanki na FPGA mai ɗakuna 100, tana riƙe waɗanda suka fi kusa da manufa, har aka sami wanda ke rarrabe sauti biyu. Da aka bincika tsarin sai aka tarar da wasu ɗakuna da ba su haɗu da hanyar fitar amsa ba, amma idan aka taɓa su aikin yakan lalace. Tsarin ya jingina ne da wasu ɓoyayyun siffofin silikon ɗin da maƙeransa ba su sa a lissafi ba. Idan abin da hannunmu ya ƙera yana ɗauke da abin da ya ɓuya mana, ina ga abin da ba mu halarci halittarsa ba?

A nan tunani ke komowa gare mu. A cikin kan kowane ɗayanmu akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, masu aiki da ƙarfin da bai wuce wat 20 ba, kuma mahaɗunsu suna ƙarfafa suna raunana gwargwadon abin da muka lazimta. Wanda ya rasa gani tun yana ƙarami, sashen ƙwaƙwalwarsa na gani yakan shiga hidimar karatu da yatsu; wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, sau da yawa wasu hanyoyin sukan karɓi aikin waɗanda suka mutu idan ya dage da motsa jiki. Ba muna daidaita ƙirar bawa da halittar Ubangiji ba ne, nesa ta yi nesa, domin waccan tana jiran injiniya da manhaja da wutar waje, wannan kuwa tana girma, tana gyara kanta, tana sanin cewa ta sani. Abin da muke cewa shi ne, masana sun yi shekaru suna wahala kafin su fahimci cewa barin ƙofar gyara a buɗe ya cancanci a biya shi da tsada, alhali Mai hikima ya gina mu a kan haka tun farko: muka fito ba mu san kome ba, aka ba mu shirin koyo, aka bar mana ƙofar tuba.

Ita dai ƙwayar ba ta da zaɓi. Wadda ke nuna wa uwa ɗanta a asibiti, irinta ce ke shiryar da makami zuwa inda aka nufa, kuma hisabin yana wuyan wanda ya rubuta tsarin. Wannan amana ta ƙara kusantar mu a yau, domin gina masana'antar ƙwayoyi irin na Taiwan da Koriya ta Kudu yana cin biliyoyin daloli, amma ƙaramin fanel mai ɗauke da FPGA da manhajojin kyauta irin su Yosys sun isa ɗalibi mai himma, a duk inda yake, ya tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta tasa ya ga tana aiki a gabansa. Wanda ya gaji zaurukan da aka karanta Sullam ba shi da hujjar ɗaukar wannan ilmi a matsayin kayan wasu. Muna roƙon Allah ya sanar da mu abin da zai amfane mu, ya amfanar da mu da abin da ya sanar da mu, ya sa abin da hannayenmu za su tsara ya zama rahama ga bayinsa, ya kuma yafe mana kurakuranmu na fili da na ɓoye. Allah shi ne mafi sani, kuma gare shi makoma take.